Kakakin Sarkin Tsami

Yabon gwani ya zama dole, kuma a garinmu in ana lissafin gwanaye, Don Eleuterio Magsalin ne na ɗaya, shi ne na biyu, sauran jama'a sai su raba na uku. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa da bakinsa, mutum irinsa kuwa ba ya ƙarya, sai dai gishiri ya ɗan zarce masa. Allah ya yi shi da ƙirjin zakara da muryar mai shela. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, farar kwat yake sawa, da farin takalmi, da hankici mai ƙamshi a aljihun gaba wanda ba a taɓa ganin ya share gumi da shi ba. In ya zo coci, sai ya tsaya a ƙofa ya yi gyaran murya, don kada mala'iku su shagala su manta rubuta zuwansa.

Da Teryo muka san shi, ɗan mai gawayi na bayan kasuwa. Wannan "Don" da ke gaban sunansa, wanda a da sai masu gonakin rake na gado ake kira da shi, ba wanda ya naɗa masa. Da shi ya sauko daga jirgin ruwa bayan shekaru a teku, tare da baƙin tabarau da wani kakakin tagulla a cikin akwati. A faɗarsa, shi ne babban mabushin jirgin. In ya sa kakaki a baki, matan Turawa sukan ajiye cokali su yi ta hawaye, kyaftin kuma ya rage gudu don kada ƙarar inji ta ɓata busa. Mang Ponso, wato Baba Ponso mai faci, wanda suka yi aiki a jirgi ɗaya, ya ce shi dai a ɗakin wanki ya san Teryo, kuma tsakani da Allah bai taɓa ganin mai gugar wando kamarsa ba. To, inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, teku kuwa ba ta da ƙasa.

Yanzu shi ne mai "Masana'antar Tsami ta Magsalin", kamar yadda allon ƙofarsa ya nuna, allon da ya fi ƙofar faɗi. Masana'antar dai rumfa ce a bayan gida, da tuluna, da matarsa Aling Marsing, Aling kuwa a garinmu kamar a ce Iya ne. Ita ke haɗa khal, wato ruwan tsami na rake, ita ke feraye ɗanyen mangwaro ta jiƙa, ita ke soya yajin jatan lande da ake dangwalawa, ita ke faɗa da masu kawo kwalabe. Gajeriyar mace ce mai dariya kamar an zubar da kwanuka, in ta yi magana a bayan gida ana jinta a bakin kogi. Shi kuwa Don aikinsa ya fi nata nauyi: yana zaune a baranda yana tunani. Saboda wannan wahala tasa ce 'yan kasuwa suka naɗa shi Sarkin Tsami. Da labari ya iske shi, sai ya ce dama ya san ba za a daɗe ba a gane shi ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa wannan bawan Allah a maƙogwaro: sandar Uban Biki. Kowace shekara in bikin waliyyinmu San Isidro ya watse, limaminmu Fada Benigno da mu matan ƙungiyar coci mukan zauna mu zaɓi wanda zai riƙi bikin baɗi. Shi za a miƙa wa sandar azurfa, shi zai yi tafiya daf da bayan mutum-mutumin waliyyi ranar zagayen gari, kowa na bayansa, har magajin gari. Shekara da shekaru Don yana zawarcin sandar nan, tana yi masa yanga. Ya sai wa coci fanka, ya sa aka rubuta sunansa a kan kowane fiffike. Da ya lura in tana juyawa ba a iya karantawa, sai ya roƙi Fada a riƙa kashe ta lokacin wa'azi. Ya ba da benci, ya hana kowa zama a kai don kada fenti ya goge. Duk da wannan hidima, sanda ta je wurin mai injin casar shinkafa, ta je wurin ungozoma, har ta je wurin wani tsohon malamin makaranta da ko takalmin kirki ba shi da shi. Duniya ba ta san masu daraja ba.

Wata shekara sai ya canza salo. Muna zaune a zauren coci muna shawarar wanda zai kawo furanni, sai ga shi ya shigo ba gayyata, ya tsaya inda haske ya fi sauka.

"Fada, iyayena mata," in ji shi, "na zagaya duniya. Na ga Yokohama, Yokohama ta gan ni. Garin nan yana da shinkafa, yana da kifi, amma wayewa ce babu. Bana zan kawo muku ita a mota. Zan ɗauko 'yan jaz daga Manila, na gaske, masu kiɗa a manyan otal, su raya mana tsofaffin kiɗan kakaki na zamanin da rediyo yake rediyo. Ba don kaina ba. Ni me nake nema a duniya? Sharaɗina ɗaya ne, ɗan ƙarami: waƙar rufewa ni zan busa."

Aling Dorang, wadda bakinta ba ya azumi, ta ɗago kai daga kwandon furanni. "Teryo, wai kakakin nan naka dama da rami a cikinsa? Mu mun ɗauka na ado ne."

"Don Eleuterio, Kumare," in ji shi, don Kumare ake kiran mace ta kusa a garinmu.

"To, Don Teryo, Allah ya ba ka numfashi."

Mun yi dariya, amma gaskiya ya sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi. Waɗannan kiɗe-kiɗe da su muka yi 'yan matanci. Kakaki biyu a gaba suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye, ganga tana binsu da sauri-sauri, ba waƙar baki, ba komai, amma ƙafa ba ta iya zama. Da su ake buɗe rediyo da safe, da su ake rawa a filin gari ranar biki. Marigayi maigidana, Allah ya ba shi hutawa, da fito yake rera su in yana wanke baunarsa ta noma a kogi. Duk wadda ke zauren nan tana da wanda take tunawa. Fada ya dube mu, ya ga idanuwanmu, ya ce an yarda. Bayan Don ya fita, har Aling Dorang ta ce in dai ya cika alkawari, kuma bai ba mu kunya a gaban baƙi ba, to a ba shi sandarsa ya huta, mu ma mu huta. Maganar ba ta kwana ba sai da ta isa barandarsa.

Washegari aka fito da kakaki daga akwatin gilashi, gari ya shiga uku. Makon farko, abin da ke fitowa daga barandar nan ba shi da suna a harshen mutane. Agwagin maƙwabta suka daina ƙwai. Wata bauna ta tsinke igiya ta zo ƙofar gidan ta tsaya, tana neman 'yar uwarta da ke naƙuda a ciki. Mang Ponso ya ce shi har ya fito da kayan faci, ya ɗauka tayar babbar mota ce take sacewa. Don kuwa yana gamawa zai leƙo ta baranda ya ɗaga hannu ga masu wucewa, ya ce kada su damu da tafi, gwaji ne kawai.

Amma zan faɗi gaskiya, don za a tambaye ni ranar hisabi. Mutumin nan ya dage. Waƙa ɗaya tak ya kama, wata mai sanyi da ake rufe rawa da ita a da, ya yi ta nanata ta safe da yamma har leɓensa ya kumbura ya saɓe ya warke. Sannu a hankali bauna ta daina zuwa. Wata rana da yamma ina dawowa daga coci, na ji kaina na tsaya a gefen hanya da tsintsiya a hannu, ina saurare. Waƙar ce, sak, ba gargada. Ashe ko a ɗakin wanki ne, wani abu ya taɓa shiga kunnensa ya zauna. Gari ya fara raɗe-raɗin cewa bana kam zakara zai yi cara. Da ya tsaya nan, da yau wani labarin nake bayarwa.

Ana jibi biki 'yan jaz suka iso a motar haya. Mun zaci za mu ga masu ƙyalƙyali, sai muka ga dattawa da silifas, kowa rungume da akwatin kayan busarsa kamar jariri, suna tambayar inda ake sayar da kofi. Shugabansu, Maestro Lauro Dimaano, wani siriri ne mai furfura, maganarsa ƙasa-ƙasa. Don ya tare su a bakin mota da farar kwat, ya riƙe hannun Maestro bai saki ba.

"Maestro, mu 'yan sana'a ɗaya ba ma buƙatar dogon bayani. Ka kwantar da hankalinka, ba zan dusashe ku ba, zan rage ƙarfi. Abu ɗaya zan ba ku shawara. Na lura mabusan ƙasar nan daga kumatu suke busa. Kuskure ne. A Hamburg daga nan muke ɗaukowa." Ya bugi tumbinsa. "Daga cibiya. In kuna so, bayan cin abinci zan nuna wa yaranka."

Ƙaramin cikin yaran nan ya yi jika. Maestro ya dubi tumbin, ya ce, "Lalle akwai wurin ajiya, Don." Don ya yi ta maimaita wannan yabo har dare.

Suka yi gwaji a zauren coci, mu muna goge kujeru muna satar kallo. Don ya busa waƙarsa, suka bi shi a hankali kamar masu raka amarya. Da aka gama, Maestro ya gyaɗa kai, ya ce ba laifi, in ya yi haka ran biki ya wadatar. Ba ƙaramar magana ba ce daga bakin irinsa. Sanda ta kusa shiga hannu.

Sai dai babban mutum ba ya yin babban tunani ɗaya. A daren nan, wato da ya koma baranda, wani tunanin ya sake zuwar masa. Ga magajin gari zai zo, ga matarsa, ga Fada, ga baƙi daga garuruwan maƙwabta, duk za su zauna a sahun gaba. Ina amfanin taro irin wannan in bai san Masana'antar Tsami ta Magsalin ba? Sai ya shirya abin ba-zata. Daidai lokacin da zai ɗaga kakaki, 'yan mata za su fito da farantai a rufe, a buɗe su gaba ɗaya, a raba wa manyan baƙi ɗanyen mangwaro da yaji. Kunne na shan daɗi, harshe na shan daɗi, duka daga hannun mutum ɗaya.

To, a garinmu ko yaron goye ya san ba a cin tsami a gaban mabusa. Mai busa in ya ga ana gatsar ɗanyen mangwaro, miyau ne zai tsinke masa, leɓe ya saki, iska ta zama ruwa. Shi ya sa in 'yan badujala za su wuce, masu tallan mangwaro suke kwashe farantansu su koma bayan coci, ba sai an ce musu ba. Dukanmu mun sha ranƙwashi a kan wannan muna yara, har da ɗan mai gawayi.

Aling Marsing ce ta ba mu labarin yadda suka yi, tana feraya tana dariya. Ta ce masa, "Teryo, mangwaro? A gaban masu busa? Kanka ɗaya kuwa?"

Ya ce, "Marsing, wannan camfin ƙauye ne. Ya kama ƙananan mabusa masu bin gawa maƙabarta. Leɓen da ya sha iskar tekuna bakwai ba ya jin tsoron ɗan itace. Ni na taɓa busa ana guguwa, farantai na tashi sama."

"Ka dai gaya wa Maestro."

"In na gaya masa ina ba-zatar? Ke dai yi abin da kika iya, ki bar wa masu tunani tunani."

Ta ce, "To, bakinka ne." Da yake kuma ta ji Fada zai ci, sai ta zage. Ta zaɓo mangwaron da ko ƙwallo bai gama yi ba, kore shar, irin wanda ambatonsa kaɗai yake sa haƙori ya mutu. Mu da muka ji, mun so mu je mu faɗa wa Fada. Aling Dorang ta ce a'a, sirrin miji da mata ne, shiga ciki zunubi ne. Ban taɓa ganin ta tsoraci zunubi kamar ranar ba.

Ran biki da la'asar, bayan an kai waliyyi an dawo da shi, an ci gasasshen alade an sha ruwan kwakwa, filin gaban coci ya cika har kan katanga. Dattawan nan masu silifas suka fito da baƙaƙen kwat, ka rantse ba su ba ne. Mai ganga ya ƙirga, kakaki biyu suka tashi tare. Wayyo, ashe waƙoƙin nan ba su mutu ba, barci suke. Sukan ɗauko waƙa yadda muka san ta, sai su saki hanya, wannan ya zaga da ita ta bayan gari, wancan ya karɓe ya haura da ita sama, har ka ce ta ɓata, sai ga ta ta dawo gida lafiya, kowa ya yi shewa. Mai dogon ƙahon da ake ja ana turawa ya riƙa yi wa kakaki gatse, kakaki yana ramawa. Tatang Ambo, wanda ya haura tamanin, ya jefar da sandarsa ya jawo ungozoma fili. Matar magajin gari ta tuɓe takalmi. Ni ban yi rawa ba, amma Allah ya gani, ƙafata ta yi abin da ta yi a ƙarƙashin kujera.

Rana ta yi sanyi, aka zo waƙar rufewa. Don ya hau dandamali, fari fat kamar garin rogo, kakaki na walƙiya a hammata. Ya ɗauko mai hoto tun daga babban birnin lardi, ya dasa shi a gaba, daidai tsakiya. Ya karɓi abin magana.

"Mai girma magajin gari, Fada, jama'ata. Kun ji 'yan uwana daga Manila, sun yi ƙoƙari, a tafa musu. Yanzu kuma lokaci ya yi. An roƙe ni in busa a gaban sarakuna, na ce a'a, sai a gaban talakawan garinmu. Abin da za ku ji, ku riƙe shi da kyau, don jikokinku za su tambaye ku. Abin da za ku ɗanɗana kuma, ana samunsa a ƙofar gidana kullum, ban da Lahadi."

Ya zaro hankicin nan, a karon farko a tarihi, ya kaɗa shi sama. 'Yan mata suka fito a jere, aka buɗe farantai.

Ƙamshin ne ya fara isa dandamali. Na ga Maestro ya ɗaga hanci, ya juyo, idonsa ya sauka a kan farantan, ya yi alamar gicciye. Amma mai fiyano ya riga ya shiga, ba komawa. Don ya gyara tsayuwa, ya cika ciki da iska tun daga cibiya, ya sa kakaki a baki. Sautin farko ya fito tas, mai kyau, har wani sanyi ya ratsa fili.

A nan ne magajin gari ya gatsa. Ƙarrr. Duk fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka, ido ɗaya ya rufe, ya ja iska ta haƙora. Matarsa ta dangwali yaji ta bi bayansa. Fada Benigno ya lumshe ido yana tauna, ruwan mangwaro na bin haɓarsa. Tatang Ambo, da yake ba shi da haƙori ko ɗaya, sai ya kama nasa da hannu biyu yana tsotsa, tsut, tsut, tsut, daidai ƙarƙashin ƙafar Don.

Sauti na biyu ya fito da 'yar rawa. Na uku ya fito kamar an tura kwalba cikin kogi. Don ya cire kakaki, ya haɗiye, maƙogwaronsa ya hau ya sauka kowa na gani, ya yi murmushin manya, ya mayar. Abin da ya biyo baya, ni mace ce mai zuwa coci, ba zan kwatanta shi ba. Zan dai ce wani yaro ya juya ya dubi kakarsa da zargi. Don ya rufe ido don kada ya gani, sai kunne ya ci amanarsa: ƙarrr ta dama, tsut ta hagu. A bayansa ma abin ya kama. Mai dogon ƙaho ya sauke nasa yana share baki da hannun riga, kakaki na biyu ya shaƙe, sai ganga da fiyano kaɗai ke ta zagaye suna jiran a dawo.

Maestro dai ya ga jiya ya ga yau. Ya ɗaga yatsa ya juya shi a sama, mabusan nan kaf suka juya wa jama'a baya, suka fuskanci bangon coci, suka zubar da ruwan da ya taru a ƙahoninsu. Ya matso kusa da Don, muna ji ta abin magana.

"Don, juyo. Kalli bango, ka ja numfashi, za mu jira ka. Waƙarka ce."

Ƙofar tsira ke nan a buɗe, har da mai riƙe masa labule. Don ya dubi bango. Ya dubi mai hoto. Ya sake duban bango.

"Ni in juya wa mai hoto baya? Daga babban birni fa na ɗauko shi."

Maestro ya ɗaga kafaɗa. Ya juya, ya ɗaga nasa kakakin, ya karɓi waƙar daga inda ta faɗi. Haka suka busa ta har ƙarshe da ƙeyarsu gare mu, sautin yana dukan bangon coci yana dawowa, ya fi na ɗazu ma zaƙi. Jama'a suka miƙe, ana dariya ana rawa ana share hawaye, ba ka sanin na waƙa ne ko na tsami. Aling Marsing kuwa da ta ga na baya suna miƙa wuya, sai ta sa aka kinkimo tulunan gaba ɗaya daga rumfa, ta ɗaure zane, ta bi sahu-sahu tana rabawa da hannunta, tana cewa, "Ci, Kumare, ci! In an riga an jiƙe ba a tsoron yayyafi!" Ba wanda ya bar filin nan bai ci ba. Don yana tsaye a gaba, fuskarsa ga mai hoto, kakaki a leɓe, kumatu a kumbure, ba abin da ke fita sai ɗigo a kan farin takalmi. Masu magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ashe ko ɗaya ce, in kana busa, sai ka ajiye.

Kada a ce ya karaya. Da safe yana baranda yana karɓar gaisuwa. Wanda ya tsaya, sai ya bayyana masa cewa a ƙasashen da suka ci gaba shiru ma kiɗa ne, kuma shi ya fi wuya. Ya ce da gangan ya bar wa Maestro waƙar, don tsoho ne, ba a san ko zai ga baɗi ba. Hoton ma ya fito da kyau, ya rataye shi a falo. Hoto ai ba ya magana.

Mu kuma muka zauna a zauren coci. Ba a daɗe ana shawara ba. Fada Benigno, wanda haƙoransa ba su gama farfaɗowa ba, ya ce tun da ya zo garin nan bai ga bikin da kowa ya ci, kowa ya yi dariya, ba wanda ya yi faɗa ba, sai wannan. Ya ce lalle gidan Magsalin ya cancanci sanda. Aling Dorang ta ce ƙwarai kuwa, sai dai a duba a gidan wa ya ciyar da gari, wa kuma ya jiƙa takalmi. Ba a sami mai gardama ba. Dama ba yau aka fara ba mace sandar ba.

Da aka aika a kira su, Don ne ya shigo gaba, ya riga ya miƙa hannu tun daga ƙofa. Fada ya kewaye hannun nan a hankali, kamar mai kewaye kududdufi, ya ɗora sandar azurfa a tafin Aling Marsing, Uwar Bikin baɗi. Ta fashe da dariyar nan tata, sannan ta fashe da kuka, tana goge hannu a zane wai warin khal take. Don ya tsaya da hannu a miƙe. Can sai ya mayar da shi gyaran kwala.

"Haka na tsara," in ji shi. "Babban mutum ba ya riƙe sanda da kansa. Ai ko kyaftin ba shi ke juya sitiyari ba. Fada, ni kuma ina ne matsayina a zagayen?"

Fada ya ce mijin Uwar Biki yana da matsayi tun kaka da kakanni, ba mai ƙwace masa: shi ke riƙe mata laima.

Shekara ta zagayo, muka fito zagayen gari cikin rana mai raba goshi. Waliyyi a gaba, Aling Marsing a bayansa da sandarta, tana gaisawa da kowa da sunansa. A gefenta ga Don Eleuterio Magsalin cikin sabuwar farar kwat, ya ɗaga laima sama kamar tutar ƙasa, yana sunkuyar da kai dama da hagu ga masu tafi, yana bayyana wa magajin gari cewa riƙon laima ilimi ne, akwai yadda ake karanta iska. Da yake hankalinsa na kan ilimin, inuwar duk a kansa ta taru. Daidai ƙofar kasuwa, inda jama'a suka fi cika, 'yan badujala suka tsaya shan iska, wuri ya yi tsit. Sai muryar nan da ake ji har bakin kogi ta tashi.

"Teryo! Rana tana dukana!"

Ya gyara.